Dakalin da Yaya Ta Ƙi Sharewa

A ginin da muke aiki ba wanda ke kiran yayata da sunanta na yanka. Tsaf-tsaf suke ce mata, tun daga masu gadi har manyan da ke hawa na sama, ita kuma tana amsawa, don ba ƙarya aka yi mata ba. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana shara da goge-goge a wannan gini mai hawa goma sha biyu. Ni ƙanwarta ce. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita kuma ta samo mini aikin dafa shayi a kicin ɗin hawa na shida, saboda haka na san hannunta tun ina ƙarama. Har yau idan na ga sabon soso sai bayan kunnena ya ɗauki zafi.

Yaya irin matan nan ne da idan suka shiga gidan mutum, bakinsu na gaisuwa idonsu na ƙarƙashin kujera. Mijinta, direban bas ne, yakan ce shi tun daga bakin ƙofa yake cire takalmi, kuma da ƙafa tana ciruwa da ita ma an sa shi ya bar ta a waje. A wurin aiki tsummanta uku ne, ɗaya na gilashi, ɗaya na tebura, ɗaya na banɗaki, kuma ko a mafarki ba sa haɗuwa a bokiti ɗaya. Daga sama take farawa ta gangaro ƙasa, daga ƙuryar ɗaki ta yo baya-baya har bakin ƙofa, don kada ta taka inda ta goge. Ba ta da surutu, ba ta da ƙorafi, amma fa ta san ta iya, kuma ba ta ɓoye cewa ta sani.

Abu guda take so a ginin nan. A zauren shiga, kusa da lif, akwai wani allon katako mai ƙyalli. A kansa ake rubuta sunan duk ƙaramin ma'aikacin da ya haura shekara ashirin da biyar ya ajiye aiki ba tare da an taɓa saka masa takardar gargaɗi ko ɗaya a fayil ba. Tun da aka gina wurin, suna biyar ne kacal a jikinsa. Zauren ba ya cikin rabon Yaya, amma kowace safiya sai ta tsaya ta goge allon kafin ta hau sama. Ta ma riga ta zaɓi layin da sunanta zai zauna, ƙarƙashin na wani tsohon masinja, ta nuna mini da yatsa ya fi sau goma.

Mai duba aikinsu wani mutum ne da ake kira Farin Hankici, saboda da farin hankici yake bi yana shafa saman ƙofofi da bayan kabad. Ba mugu ba ne, bin doka ne kawai ya yi masa yawa. Shekara tara yana shafa inda Yaya ta goge, hankicin yana komawa aljihunsa yadda ya fito.

Saura ƙasa da shekara biyu ta ajiye aiki aka buɗe wani ɗaki a hawa na goma sha biyu. Ma'ajiyar tsofaffin takardu ce, ta fi shekara goma a kulle, sai manya suka ce a kwashe takardun a mayar da wurin ɗakin taro. Wa za a ba in ba Tsaf-tsaf ba? Ta yi kwana uku tana fama da yana da ƙura. A rana ta huɗu ta buɗe babbar tagar da ke kallon gabas, ta leƙa, sai ta yi salati.

A bayan tagar akwai wani dakalin siminti, faɗinsa kamar ƙaramar katifa, da ɗan rufi a samansa. Tsakuwa da ɓarɓashin siminti sun zubo daga bango shekara da shekaru sun yi tudu a kansa. Ga gashin tattabaru, ga ƙananan ƙasusuwa, ga kashin tsuntsu ya bushe fari fat a jikin bango. Yaya ta ɗaura ɗankwali ta dira a kan dakalin, hawa goma sha biyu daga ƙasa, ko gezau. Bokiti huɗu ta cika. Ta bi da buroshi da ruwan sabulu har simintin ya fito sumul. Da ta gama ta sauko kicin ɗina tana haki, fuskarta cike da fara'a.

"Auta, yau na kwashe ƙazantar shekara goma," in ji ta. "Zuba mini shayi mai kauri."

Lokacin sanyi ne, ba mu ga tsuntsu ko ɗaya a wurin ba. Sai da sanyin ya fara ja da baya, wata safiya ta kira ni a waya ta ce in hau in ga baƙi. Tsuntsaye biyu ne zaune a bakin dakalin, bayansu toka-toka, ƙirjinsu fari da zane-zane, ƙafafunsu rawaya, ga baƙi ya sauko musu a kumatu kamar gashin baki. Ɗaya ta fi ɗaya girma sosai. Yaya ta ce shirwa ce. Wani tsoho mai gyaran lif, wanda ke zuwa duba mana injin sau ɗaya a wata, ya leƙo ya ce a'a, shaho ne, kuma babbar ita ce macen. Yaya ta ce ai haka ya kamata.

A ranar muka ga farautarsa. Namijin ya tashi ya yi ta hawa sama yana kewaye har ya zama ɗan ɗigo. Can ƙasa garken tattabaru sun taso daga rufin tashar bas. Sai muka ga ɗigon nan ya naɗe fikafikai ya sako kai ƙasa, da gudun da idona ya kasa bi. Ban ga bugun ba, gashi kawai na ga ya watse a iska, tattabara ɗaya tana faɗowa, shi kuma ya kewayo ya cafe ta tun ba ta kai ƙasa ba. Ni dai na dafe ƙirji. Yaya kuwa kai ta gyaɗa.

"Kin ga aiki," ta ce. "Bugu ɗaya, ba sai an maimaita ba."

Yabon bai daɗe ba, don a kan dakalinta ya zo ya fige tattabarar. Daga ranar aka shiga rigima tsakaninsu. Su ɓata, ta share. Da sun tashi za ta buɗe taga ta bi wurin da tsintsiya tana mita, wai ba a koya musu tarbiyya ba.

Bayan kamar mako biyu macen ta fara wani abu. Takan kwanta a kan ƙirjinta a ƙuryar dakalin, ta yi ta tura ƙafafu baya tana kartar siminti, ta juya ta sake. Ba abin da ke motsi, don ba abin da ya rage a wurin. Yaya ta yi dariya ta ce ga shi ta fara koyon shara. Ni ma na taya ta dariyar, kuma har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni.

Ashe magina sun ɗan karkatar da dakalin don ruwan sama ya riƙa zuba waje. Ƙwan farko mai gadi ne ya tsinci ɓawonsa a ƙasa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Na biyu a gaban idon Yaya ya tafi. Tana goge tebur ta ga macen ta ɗaga don ta gyara zama, ƙwan ya mirgino a hankali, ja-ja mai ɗigo-ɗigo, uwar ta miƙa baki ta jawo shi ta kasa, ya kai baki ya wuce. Yaya ta ruga gida da tsakar rana, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗauko kwando ta shimfiɗa tsumma mai laushi ta ajiye a ƙuryar. Tsuntsuwar ko kallon kwandon ba ta yi ba. A gefensa ta saka na uku, shi ma ya bi 'yan'uwansa.

Da mai gyaran lif ya dawo, ta tare shi a bakin ɗakin injin ta ba shi labari. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a saman dogayen gine-gine, ba abin da bai gani ba a can.

"Hajiya, ai shaho ba ya saƙa sheƙa," ya ce. "Ko tsinke ɗaya ba ya ɗaukowa. Tsakuwa yake samu ya fafe ɗan gurbi da ƙirji da ƙafa, ƙwan ya zauna a ciki. Da can babu tsakuwa a wurin?"

Yaya ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Bokiti huɗu," ta ce.

Ranar ba ta sha shayina ba. Ta zauna a kan kujerar kicin ta zuba wa hannayenta ido. Na ce, "Haba Yaya, tsuntsu ne fa." Ta yi mini kallon da take yi mini tun ina 'yar shekara shida.

"Shekara ashirin da biyar ina aiki a ɗakunan mutane, ko kofin wani ban taɓa fasawa ba," ta ce. "Yau ga shi na fasa wa baiwar Allah ƙwai uku da tsintsiya, ina yi ina jin daɗi."

Tsuntsayen sun ci gaba da shawagi a unguwar har sanyi ya sake shigowa, sannan wata rana aka wayi gari babu su. Mai gyaran lif ya ce haka wasunsu suke, sukan yi tafiya mai nisa, su ƙetare ƙasashe har da teku, su je inda abinci yake, kuma idan lokaci ya yi su dawo kan dakalin da suka bari, ba sa ɓata. Amma ya ƙara da cewa waɗanda suka yi asarar ƙwai a wuri wani lokaci sukan sauya. Yaya ta ce za su dawo. Ba da fata ta faɗa ba, yadda take cewa gobe za ta wanke labule haka ta faɗa.

Ta ciro durowa daga wani karyayyen tebur da aka jefar, ta kai gida mijinta ya huda mata ƙasanta don ruwa ya riƙa fita. Ta je inda ake wani gini a layinsu ta roƙi ƙananan tsakuwa. Sannan ta wanke tsakuwar. Wallahi ta wanke, sau biyu, ta shanya a kan buhu. Mijin ya tsaya yana kallo, ya ce shi dai yanzu ya ga ƙarshen abin. Kullum takan zuba gwangwani biyu a leda ta saka a jakarta ta hannu, ta hau bas da ita, ta hau lif da ita. Mako uku ta yi tana haka kafin durowar ta cika. Mai gyaran lif ya sa katako ya daidaita ta, ya ɗaure ta da waya a jikin ƙarfen tagar.

Ta riƙe ranar da suka zo bara. Ranar ta zo ta wuce, dakali wayam. Kwana uku, kwana biyar. Ni na fara tsara kalmomin da zan lallashe ta da su. Ita kuwa kullum ta goge gilashin tagar, ta duba gabas, ta koma aikinta. A rana ta tara namijin ya sauka, bayan kwana biyu macen ta iso. Ta taka cikin durowar, ta dube ta, ta kwanta a kan ƙirji ta tura ƙafa, tsakuwa ta watsu har tana bugun gilashi. Yaya ta kama hannuna ta matse har sai da na ce wash.

Ƙwai huɗu ta saka, ba ko ɗaya da ya motsa daga gurbinsa. Daga nan Yaya ta daina buɗe tagar. Ta ja labule ta bar ɗan tsagi na leƙe. Macen na kwance a kan ƙwai, namijin na kawo mata tattabara, wani lokaci ya karɓe ta ta je ta miƙe fikafikai. Cikin mako biyu dakalin ya koma yadda ta fara samunsa, ko ma fiye. Ɗakin taro yana ƙyalli kamar madubi, bayan labule kuwa juji.

Ana haka aka sanar cewa manyan kamfanin gaba ɗaya za su yi taron shekara a ɗakin. Farin Hankici ya hau dubawa, da wasu masu shara biyu a bayansa, ni kuma na kawo kofuna ina jerawa. Ya shafa saman ƙofa, fes. Ya shafa ƙafar tebur, fes. Sai ya yaye labule.

"Iya, mene ne wannan?"

"Ƙwai ne, ranka ya daɗe. Huɗu."

"Ba ƙwan nake tambaya ba. Wannan ƙazantar fa? A kwashe komai kafin jibi, har akwatin."

"Ba zan kwashe ba."

A shekara ashirin da bakwai ba wanda ya taɓa jin wannan magana daga bakinta. Shi kansa ya rasa inda zai sa hankicinsa. Ya rage murya, kusan roƙo yake.

"Iya, wata uku ya rage miki. Kin san abin da takarda ɗaya za ta jawo miki."

"Na sani," ta ce. "Ai ni nake goge allon."

Ya juya ga sauran biyun ya ce su kwashe. Nan take ɗaya ta tuna tana da jiri, ɗayar kuma ta ce tun tana yarinya ba ta iya leƙa rijiya. Ya ce to shi zai yi. Ya naɗe hannun riga ya buɗe tagar. Macen ta miƙe a kan ƙwanta ta baza fikafikai, ta buɗe baki ta saki wani ƙara da ya cika ɗakin, namijin kuma ya faɗo daga sama ya wuce ta gaban goshinsa har iskar ta kaɗa labule. Ban taɓa ganin an rufe taga da sauri irin haka ba. Ƙwai dai sun tsira. Amma an ƙi bin umarninsa a gaban mutane, kuma shi mutumin doka ne. Washegari takardar ta fito.

Na yi fushi, da shi da ita duka. Na same ta tana wanke tsumma na ce ta je ta ba shi haƙuri, ko ta matsar da durowar na yini ɗaya kawai, a yi taro a gama a mayar.

"Yini ɗaya ƙwan ya huce," ta ce. "Bara da rashin sani na yi. Bana in na yi, da me zan ce na yi?"

Na yi kuka a gabanta, don na san abin da allon nan yake a wurinta. Mace ce da ba ta yi makaranta mai nisa ba, ba ta da kujera ko tebur a ginin, layin nan guda shi ne duk abin da ta sa rai za ta bari. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in tashi in wanke fuska, kada in ɗiga wa mutane hawaye a shayi.

Ranar taron aka ja labule. Manya suka yi awa huɗu suna magana, suka shanye fulas shida, ba wanda ya ko waiwayi tagar. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki, ƙwai uku suka ƙyanƙyashe, ɗaya bai yi ba. Farare ne kamar auduga, ga manyan ƙafafu, ga baki kullum a buɗe. Na ce munana ne, Yaya ta ce ni ma haka nake da aka haife ni. Uwar takan taka tattabara da ƙafa ta riƙa yago nama ƙanana-ƙanana tana ba su bi da bi. Cikin mako shida farin gashin ya zube, suka yi na manya, suka fara tsayawa a bakin dakalin suna kaɗa fikafikai suna leƙen ƙasa. Biyu suka tashi rana ɗaya. Muka ga uban yana sako musu abin da ya kamo a sararin sama, su bi su cafe, su kuskure, ya sake. Ta ukun, mace, ta yi ta jan ƙafa har Yaya ta fara yi mata faɗa ta cikin gilashi. Saura kwana huɗu Yaya ta ajiye aiki 'yar shahon ita ma ta saki dakalin.

A kicin ɗina aka yi mata ɗan taron sallama. Ba a rubuta sunanta a allo ba, har yau suna biyar ne. Safiyar ranarta ta ƙarshe ta tsaya ta goge shi kamar kullum. Sannan ta hau da matar da za ta gaje ta, ta damƙa mata tsumma uku, ta gaya mata wanne ne na me, ta kai ta gaban tagar gabas.

"Ko'ina ki goge har ki ga fuskarki," ta ce mata. "Nan kuwa, kada hannunki ya kai."

Farin Hankici yana nan, yana shafa saman ƙofofi. Idan ya zo ɗakin taro yakan duba ko'ina, amma labulen nan ban ƙara ganin ya ɗaga shi ba.

Shekara uku ke nan. Duk lokacin da sanyi ya fara ja da baya wayata takan yi ƙara da sassafe, Yaya ce, ko gaisuwa ba ta bari mu gama. "Sun dawo?" Bana na ce mata sun dawo, ƙwai huɗu. Ta ce to madalla, in duba ko tsakuwar ta ragu.

Takardar gargaɗin tana falonta. Ta sa an yi mata firam da gilashi, ta rataye ta sama da talabijin, inda mutane ke rataye takardar yabo, kuma baƙi da yawa haka suke ɗaukarta sai sun matsa kusa. A jiki an rubuta cewa ta bar ƙazanta a wurin aikinta da gangan, an umarce ta ta kwashe ta ƙi. Kowace safiya takan ɗauko tsumman gilashi ta goge ta, tun daga sama har ƙasa.